Boxer mai sabon fenti da injin da ba nasa ba

Ƙanina malamin firamare ne. A farkon 2025 aka ɗauke shi daga cikin garin Daura aka kai shi wata makaranta da ke can bayan hanyar Zango, kilomita 14 daga ƙofar gidansa a Tudun Wada, kusan rabin hanyar rairayi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. Shi kuwa yanzu sai ya shiga mota ta sauke shi a bakin titi, sannan ya tsaya jiran ɗan acaɓan da zai yarda ya shiga da shi ciki. Wata uku ya jure. Daga nan ya ɗauki adashinsa, mai ɗakinsa ta sayar da tumaki biyu, aka haɗa naira 600,000. Sabon babur Boxer na kamfanin Bajaj a lokacin ya haura miliyan ɗaya, don haka maganar sabo ba ta ma taso ba. Sai na hannu.

Kwana tara muka yi a kan babur guda kafin kuɗi ya canja hannu. Abin da ya faru a kwanakin nan shi ne zan rubuta, domin yawancin masu sayen tsohon babur sun iya sauraron ƙarar inji, sun iya taka birki, amma idan aka miƙo musu takardu sai su ƙirga su kawai su mayar cikin leda.

Ranar farko

Wani dillali ne ya kira ƙanin nawa da yammacin Talata. Muka same shi a gindin wata darbejiya a Sabon Gari, babur a tsaye yana ƙyalli, jan fenti, sabuwar rigar kujera, an wanke shi har cikin sifok.

"Malam, wannan rabonka ne ya tsaga," in ji shi. "Na wani Alhaji ne, ma'aikacin gwamnati, daga gida sai ofis. Dubi mita, dubu talatin da ɗaya. Ga takardu cif, har da na lafiya, ko wata bai cika ba."

Farashi naira 620,000, ban da la'ada. Ƙanina ya hau ya zaga ya dawo yana murmushi, na san zuciyarsa ta riga ta saya. Na roƙi a ba mu takardun mu kwana da kwafinsu. Dillali ya ɗan ɓata rai, ya ce akwai wani mutumin Mai'aduwa da zai zo da kuɗi gobe. Kowane babur da aka taɓa nuna mini a rayuwata yana da mutumin Mai'aduwa da zai zo gobe. Muka biya kuɗin fotokwafi muka tafi.

Abin da takardun suka ce, da abin da suka yi shiru a kai

Da daddare muka baje su a kan tabarma, muka jera su bisa shekara, ba bisa yadda aka ba mu su ba. Wannan jerawar ita ce rabin aikin.

Rasit ɗin saye na 2017 ne, daga wani shago a Kano, da sunan mutum na farko. Akwai takardar ba da lamba ta wannan shekarar, lambar kuma DRA ce, wato rajistar Daura, da shuɗin rubutu irin na abin hawa na gida, ba ja irin na haya ba. Lasin na 2017 yana nan, na 2018 yana nan, na 2019 yana nan, kowanne da takardar lafiyarsa manne da shi. Daga nan sai shiru. Babu na 2020, babu na 2021, haka har 2024. Sai kwatsam ga sababbin takardu na 2025, lasin da inshora da takardar shaidar lafiya, duk kwanan wata guda, duk har yanzu da sunan mutumin 2017.

Shekara biyar babu takarda ba laifi ba ne da zai sa a ce babur na sata ne. Mu faɗi gaskiya, babura nawa ne a karkarar Daura ke da lasin na bana? Amma giɓin ya saɓa wa labarin dillali. Mutumin da ya kiyaye sabunta takardunsa shekara uku a jere, har yana manna su da kyau, ba ya wayar gari ya daina, ya yi shekara biyar, sannan ya tuna mako uku kafin ya sayar. Hali ba ya canjawa haka. Hannu ne ya canja. Ruwa ba ya tsami banza.

A Ingila, babur da ya wuce shekara uku dole ne ya ci gwajin da suke kira MOT kowace shekara, kuma sakamakon tun daga 2005 yana intanet. Mai saye yana zaune a gida zai buga lambar babur, ya ga ranar kowane gwaji, da abin da mita ta nuna a ranar, da dalilin faɗuwa idan ya faɗi, har da ƙananan gargaɗin da mai gwajin ya rubuta. Idan mita ta ja baya tsakanin shekara da shekara, a nan take asiri ya tonu. Mu a nan takardar lafiya da jami'an duba lafiyar ababen hawa, wato VIO, ke bayarwa shaida ce ta shekara guda, a hannun mai babur take, idan ya yar da ta bara shi ke nan ta tafi. Tarihin tsohon babur a wurinmu sai an tattaro shi daga wuri uku, daga takarda, daga jikin ƙarfen, da kuma daga bakin mutanen da suka riƙe shi.

Abin da waya za ta iya yi mun yi shi a daren. A shafin hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, akwai wurin tantance lamba. Muka buga, ya nuna lambar sahihiya ce kuma an ba da ita ga Bajaj. Wannan ya kwantar da hankali. Sai inshora. Kamfanonin inshorar ƙasar nan suna da rumbun bayanai da ake kira NIID, wanda ake duba inshorar abin hawa da lambarsa. Muka buga sau uku, babu komai. Takardar tana hannunmu da hatimi da sa hannu, amma rumbun bai san da ita ba. Tun daga Janairun 2023 kuɗin ƙaramar inshorar babur naira 3,000 ne, kuma daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa masu abin hawa a kanta. Takardar da ba ta cikin rumbu, a shingen bincike ba za ta cece ka ba, ranar haɗari kuma ba wanda zai biya ko sisi a kanta.

Sai tambaya ta biyo baya da kanta. Idan inshorar da aka yi rana ɗaya da takardar lafiya haka take, ita takardar lafiyar fa, wa ya duba babur ɗin kafin a rubuta ta?

Wurin bakanike

Washegari da sassafe muka sa aka kawo babur ɗin garejin wani abokina da muka yi makarantar allo tare, wanda ya haura shekara ashirin yana gyaran babura. Sharaɗinsa guda ne, a turo shi ko a kawo shi a bar shi ya huce sarai, kada a tayar masa da inji mai zafi. Injin da ya gaji yakan yi gardama da sanyin safiya, ya yi hayaƙi, ya yi ƙara, amma da ya ɗumama sai ya rufa wa kansa asiri. Shi ya sa dillalai ke son nuna babur da rana tsaka.

Bai fara da inji ba. Ya tsuguna ya kama siforket ɗin baya ya nuna wa ƙanina haƙoransa, sun sirance sun karkata gefe guda kamar ƙayar sarƙaƙiya.

"Malam, idan za ka sayi doki, bakin mai doki kake dubawa ko bakin dokin?"

Daga nan ya bi shi gaɓa-gaɓa. Robar wurin taka ƙafa ta direba sabuwa ce, amma ƙarfen wurin taka ƙafar fasinja ya siɗe har yana sheƙi, kuma an taɓa yi masa walda. Babur ɗin gida da ofis ba ya cinye wurin ƙafar fasinja haka. Kariyar baya an ƙara mata ƙarfe biyu don ɗaukar buhu. Shokar baya ta mutu, idan aka danna ba ta dawowa da ƙarfi. Ya bi wayar mita daga tayar gaba zuwa sama, ya zaro ta, a tsinke take, kuma tsatsar da ke bakin tsinkewar ta nuna ba jiya ba ne. Wato dubu talatin da ɗayan nan ba tafiyar babur ba ce, wurin da mita ta tsaya ne. Ya ce ɗan acaɓa mai ƙwazo a lissafinsa yakan yi irin wannan tafiyar cikin shekara guda.

Tayoyin ma suka ba da tasu shaidar. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Ta gaba ta nuna 2019, ta tsattsage a gefe, tsakiyarta sumul kamar tafin hannu. Fitilar birki ba ta kamawa. Birkin gaba sai an matse shi har ya taɓa hannu kafin ya fara riƙewa. Babur mai irin waɗannan abubuwa uku ba zai tsaya gaban mai dubawa mako uku da suka wuce ya fita da shaidar lafiya ba.

Sai babban abin. Ya ɗebo fetur a murfin jarka, ya goge wuyan babur inda lambar chasis take, ya ɗora farar takarda ya goga fensir a kai har lambar ta fito. Harufa da lambobi 17, sun fara da MD2 kamar yadda na Bajaj ke farawa, zurfinsu ɗaya, jerinsu ɗaya, babu alamar an goge da zarto ko an sake bugawa. Ta yi daidai da rasit ɗin 2017 harafi da harafi. Ya sauka ƙasa ya goge gefen injin, ya karanto lambarsa. Ƙanina yana riƙe da takarda yana bi da yatsa. A lamba ta biyar yatsansa ya tsaya.

"Yaya, ba ita ba ce."

Injin da ke jikin babur ɗin ba shi ne wanda ke cikin takardu ba. Abin mamaki, da aka tayar da shi lafiyarsa ƙalau, bugu ɗaya ya tashi, babu shuɗin hayaƙi a salansa, baƙin man ba a kauraro shi don ɓoye ƙara ba. Abokina ya ce injin ya fi jikin ƙuruciya.

Me ya sa lambar inji ta tsayar da ciniki

Wani zai ce ai riba ce, an sami inji mai kyau a tsohon jiki. A jihar Katsina ba haka lissafin yake ba. Babur, musamman Boxer, shi ne abin hawan 'yan bindigar daji, kuma shi ne abin da ɓarayin gari suka fi ɗauka, su farke shi su sayar da sassansa daban-daban. A ƙarshen watan Agustan 2021, cikin dokar matakan tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu, har da hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanci, tare da hana goyon mutum uku da sayar da fetur a jarka. Daura tana nesa da dazukan Batsari da Safana, amma jami'in da ya tsayar da kai a hanya lamba zai duba, ba zai tambaye ka nisan garinku da daji ba. Ga kuma iyakar Nijar a Kwangwalam nan kusa, inda babura da sassansu ke shige da fice. Idan injin nan na wani babur ne da aka kai rahoton satarsa, wanda aka kama shi a ƙarƙashinsa shi ne zai fara bayani, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code. Malamin firamare da ya kwana biyu a caji ofis, ko an wanke shi daga baya, sunansa ya riga ya zaga gari.

Muka ce wa dillali ba ma cinikin biri a sama. A haɗa mu da mai babur ido da ido, ko mu haƙura.

Bin sawu

Mai babur ɗin ba Alhaji ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Wani matashi ne mai shagon kayan masarufi. Da ya ga mun zo da bakanike da takardu a jere bai yi gardama ba. Ya ce a ƙarshen 2024 ya karɓi babur ɗin a madadin bashin kaya da yake bin wani mutum. Shi ya yi masa fenti, shi ya ba wani mai yi wa mutane takardu kuɗi, bayan kwana biyu aka kawo masa su a shago. Babur ɗin ko ƙofar shagon bai bari ba. Maganar inji kuwa ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, domin fuskarsa ta fi ta ƙanina nuna tsoro.

Shi ya kai mu wurin wanda ya ba shi. Wannan mutumin ya saya a 2020 daga hannun mai shi na farko, ya ba yara biyu, ɗaya bayan ɗaya, suna acaɓa suna kawo masa balas kullum. Shekara huɗu babur ɗin yana jigilar mutane da buhunan gero tsakanin Daura da ƙauyuka, da lambar gida a bayansa. A 2022 yaron ya bar shi babu baƙin mai, inji ya buga. Gyaran ya kusa kuɗin wani injin, sai ya sayi na wani babur da ya yi haɗari. Rasit? Ya yi dariya, ya ce a gaban mutane aka yi, da sallama da musafaha.

A nan ƙanina ya karaya, ya ce mu bar shi. Ni ma na karkata ga haka. Abokina bakanike ne ya ce a ƙara kwana biyu, domin ya san wanda ya ɗora injin, kuma bakanike ba ya manta injin da ya sauke. Ta hanyarsa muka isa wani ƙauye a yankin Sandamu, wurin wani dattijo manomi wanda ɗansa ya yi karo da amalanke da dare, babur ya lanƙwashe, yaron ya karye amma ya rayu. Jikin babur ɗin 'yan gwangwan suka saya, injin kuma aka sayar daban.

Muka gaisa, aka kawo ruwa, na faɗi abin da ke tafe da mu.

"Baba, ko akwai wata takarda ta babur ɗin da ta rage?"

Ya tashi bai ce komai ba, ya shiga ɗaki, ya fito da leda daga cikin akwatin ƙarfe, inda yake ajiye takardun gona. Rasit na 2021, da sunansa, da lambar inji. Ƙanina ya ɗora yatsa ya bi ta har ƙarshe, wannan karon bai tsaya ba. Dattijon ya yarda aka rubuta cewa shi ya sayar da injin mai lamba kaza a 2022, ya dangwala yatsa, mai unguwarsu ya sa hannu. Rasit ɗin ma ya ba mu, ya ce ba shi da sauran amfani a wurinsa.

Mai shi na farko ya fi kowa sauƙin samu. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya yi ritaya, muka same shi bayan La'asar a ƙofar masallacin unguwarsu. Wannan ɓangaren na labarin dillali gaskiya ne, sai dai ya tsufa da shekara biyar. Da ya ji cewa har yanzu sunansa ne a kan takardun babur ɗin da ya rabu da shi tun 2020, kuma da sunansa aka yi ta acaɓa, sai ya yi salati ya ce a kawo duk abin da zai sa wa hannu yau ɗin nan.

Ciniki

Muka koma teburin ciniki da abin da muka sani. Babur na shekara takwas, huɗu daga ciki a acaɓa, mita ba ta da amfani, sababbin takardu uku ba abin dogaro ba ne, inji na 2021 mai tushe. Mai shago ya so ya tsaya a kan kuɗin fenti da ya kashe. Limamin da muka roƙa ya zauna a matsayin shaida ya tuna masa cewa a fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan aibin ɓoye ya fito daga baya. Aka sauko zuwa naira 500,000. Dillali ya karɓi la'adarsa yana ƙunƙuni, mutumin Mai'aduwa kuwa har yau bai iso ba.

Yarjejeniyar da aka rubuta ta ƙunshi lambar chasis, da tsohuwar lambar inji, da sabuwar, da sunayen duk waɗanda babur ɗin ya bi ta hannunsu, da shaidu biyu. Aka canja tayar gaba, da sarƙa da siforket, da takalman birki, da shoka, da wayar mita, da makunnin fitilar birki. Da gyaran da sabuwar inshora da canjin suna da zirga-zirgar kwana tara, an kashe kusan 95,000. Wannan karon ƙanina da kansa ya hau babur ɗin ya kai shi ofis, ya nemi a gyara lambar inji a rajista, ya tsaya aka duba birki da fitila da hon da taya a gabansa kafin a rubuta masa shaida. Inshorar kuma bai bar wurin da ya yanke ta ba sai da ya tambayi ranar da za ta hau rumbu, ya kuma duba ya gan ta.

Abu guda ne muka rabu a kai ni da abokina. Da aka cire tanki da kujera, mun ga wata tsohuwar walda a ƙarfen baya, daidai inda nauyin buhu ke sauka. Shi ya ce wutsiya ce ba wuya ba, waldar kuma ta kamu, da a wuya take da shi zai fara cewa a gudu. Ni dai ƙarfen da ya taɓa tsagewa ban cika sakin jiki da shi ba, balle a hanyar da rabinta rairayi ne rabinta ramuka, kuma da kuɗina ne da na sake dubawa gaba. Amma ba ni ke tsayuwa a bakin titin Zango da hantsi ina jiran acaɓa ba.

Ƙanina ya sayi ɗan littafi mai bango shuɗi irin na 'yan aji uku. A shafin farko ya rubuta 31,208, abin da mita ta nuna ranar da aka sa mata sabuwar waya, ƙarƙashinsa kuma yana rubuta ranar kowane canjin baƙin mai. Takardun asali suna gida cikin akwati, har da na 2017 zuwa 2019 da rasit ɗin dattijon Sandamu, kwafi ne kawai ke ƙarƙashin kujera. Duk ƙarshen wata idan ya kai babur ɗin gareji, abokina yakan ɗaga kujerar ya haska waldar nan da tocilar waya kafin ya taɓa komai.